Dogo Ya Ratsa Gonar Baba

Salamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyata. Tun ranar da na ambaci cewa injiniya ne yake nemana, saƙonni suka cika min waya. Wannan ta ce Luba kin yi dace, waccan ta ce ki roƙa mana Allah mu ma Ya ba mu irinsa. To ku gyara zama in ba ku labarin dacen, in na gama sai ku faɗa min ko har yanzu kuna so.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Lubabatu, amma Luba kowa yake ce min. Shekarata ashirin da huɗu, ina koyar da 'yan aji uku a firamaren ƙauyenmu, Kwarin Gawo, gaba da Ɗanbatta kaɗan. Babana Malam Dabo manomi ne, gero da dawa da gyaɗa, da shanun huɗa guda biyu. Mu biyu ne a ɗakin Inna, ni da yayana Kassimu. Mai nemana kuma sunansa Inuwa, ɗan Minjibir, yana aiki da kamfanin da ke shimfiɗa sabon layin dogo ta yankinmu. Shi kansa dogo ne siriri, in ya sa hular kwanonsa da rigar nan mai ƙyalli sai ka rantse turken wuta ne ya taso yana tafiya. Yana da kirki, yana da kunya, salla ba ta wuce shi. Matsalarsa ɗaya ce, kuma bari in ba ku misali.

Ranar sunan 'yar ƙawata Rukayya na ci kwalliya ta gani ta faɗa. Atamfa koriya mai zanen ganye, ɗinkin doguwar riga mai tattara a ƙugu, mayafi ruwan zuma, lalle ja da baƙi har gwiwar hannu, kwalli, ɗan jan baki kaɗan don kada Baba ya yi magana. Na tsaya a ƙofar ɗakin Inna na ɗauki hoto ya fi sau goma kafin na zaɓi ɗaya na tura masa. Na ga ya buɗe. Na ga yana rubutu. Gabana har faɗuwa yake.

Ga abin da ya shigo: "Masha Allah. Lubabatu, ƙyauren nan na bayanki tsatsa ta fara cinsa daga ƙasa. A kankare a shafa masa jan fenti kafin damina."

Na rubuta: "Ni fa?"

Ya ce: "Ke ai lafiyarki ƙalau."

Wallahi sai da na kife wayar a kan katifa na yi tagumi. Datar da nake lallaɓawa kamar kwalli, cajin da nake biya a shagon mai sola, duk a kan ƙyaure suka ƙare.

Haka soyayyarmu take. 'Yan mata suna samun saƙon kin ci abinci, ni saƙon murya nake samu na minti tara a kan ƙarfe. Akwai wanda na saurara ina tankaɗen garin tuwo, har yanzu na haddace shi.

"Lubabatu, kin san duk sandan dogon da kike gani kwance a gonarku ta teku ya zo? Muna da tama a ƙarƙashin ƙasarmu, ba wai babu ba. Amma narka ta yana son wutar da ba ta ɗaukewa, da wani irin gawayi na musamman, da hanyar da za ta ɗauko kaya masu nauyi da arha. Hanyar kuwa ita ce dogo. Kin ga inda aka maƙale, dogo yana jiran ƙarfe, ƙarfe yana jiran dogo. Shi ya sa yawancin masana'antunmu tsohon ƙarfe suke tarawa su narka su yi rodi. Duk ranar da dala ta motsa, sabon ƙarfe ya tashi, tsohon ma ya bi shi a baya."

Abin haushin shi ne gaskiya yake faɗa. Tun da aka cire tallafin mai komai ya birkice, duk abin da aka yi da ƙarfe a garinmu ya koma kamar gwal. Murfin rijiyar makarantarmu ya yi ƙafa. Tsohuwar garmar da ta shekara goma a bayan masallaci kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, wata safiya aka nema aka rasa. Inna da take wurgar da fasasshen kwano, yanzu ɗaki take kai shi ta ɓoye. Na kan tsaya a aji ina kallon tagar da aka cire wa ƙarafa, in ce wato ni Luba, na fi kowace mace a Kwarin Gawo sanin dalilin wannan, kuma ba abin da sanin ya ƙara min.

To duk wannan mai sauƙi ne. Babbar maganar gonar Baba ce.

Layin nan tsakiyar gonarmu ya bi, ya raba ta biyu. Gida da turken shanu suna yamma, rijiya da mangwaron da kakana ya dasa suna gabas. An tara ƙasa an yi tudu ya fi tsayin mutum, an zuba tsakuwa a kai, an jera kankare, an ɗora dogo. In Baba zai shayar da shanunsa sai ya zagaya ta hanyar mota, tafiyar da ta fi rabin awa, da wannan bayan nasa da yake ciwo. An ba da diyya, amma kafin ta fito tsadar taki da hatsi ta riga ta lashe ta.

Tun ana kafa jajayen turaku, kafin a zuba ƙasa, Baba ya sa aka kira masa Inuwa zaure. Ni ina laɓe a bayan ƙofa da tiren ruwa.

"Malam Inuwa, taku ashirin nake roƙo," in ji Baba. "A matsa da shi gabas kaɗan, ya bar min rijiyata a ɓangarena."

Da mai wayo ne sai ya ce to Baba, zan gwada, Allah Ya sa a dace. Shi kuwa nawa sai ya durƙusa, ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa.

"Baba, jirgi ba ya shan kwana kamar amalanke. In za a kauce taku ashirin a nan, sai an fara lanƙwasa layin tun daga nesa, a hankali a hankali. Kafin ya dawo daidai ya ci gonakin mutum arba'in da yanzu bai taɓa su ba. In kuma aka karya shi da ƙarfi, ranar da jirgi ya zo da gudu kifewa zai yi."

Baba ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya ce, "Na ji. Allah Ya yi albarka." Ya tashi ya shige gida.

Daga ranar maganar aurenmu ta tsaya cak. Bai ce a'a ba, bai ce e ba. Manyan Inuwa sun zo daga Minjibir sau biyu neman a sa rana. Baba ya ce a bari a yanke gero. Aka yanke gero, ya ce dawa. Aka kai dawa rumbu, aka ɓare gyaɗa, har bazara ta shigo da zafinta, shiru kake ji. Inna kuwa ni ta sa a gaba, kamar ni na ja layin da hannuna.

"Ke ma ba ki iya magana ba ne. Namijin da yake sonki, ki ce ya matsar da abu taku ashirin ya kasa?"

"Inna, ba shi ke yanke hukunci ba, kuma jirgi ba ya..."

"Au, ke ma ya koya miki karatun? To ki je ki zana wa babanki a ƙasa."

Duk da haka ba ta fasa shirin kayan ɗaki ba. Akwai ɗan ɗakin ajiya a bayan turken awaki, nan take tara min kwanuka da kuloli da zannuwan gado ɗaya bayan ɗaya. Ranar Lahadin da ta wuce muka shiga kasuwar Ɗanbatta tambayar gado. Na katako ba ma maganarsa ake ba, sai muka nufi wajen masu walda. Mutumin ya ɗaga baƙin gilashinsa ya faɗi farashi, Inna ta riƙe baki.

"Hajiya, na yau ke nan," in ji shi. "In kin dawo Lahadi mai zuwa kika ji ya canza, kada ki ce ni na canza magana. Ƙarfe ne, kwana yake yana tashi."

Da daddawa da tsintsiya biyu muka dawo gida. Inna ta zauna a bakin murhu ko mayafi ba ta cire ba. Yaya Kassimu yana gefe yana ɗinke wani buhu. Shi a da acaɓa yake yi tsakanin ƙauyuka, tsadar mai ta sa ya jingine babur ɗin, ya koma yawo da buhu da ɗan sikeli yana sayen gwangwan da tsohon ƙarfe, yana kai wa dillalai. Ya saurari Inna har ta gama, sannan ya ce, "Inna, ki bar min maganar gadon Luba. Ƙanwata ba za ta kwana a tabarma a gidan miji ba."

Na ji daɗi har na yi ƙwalla. Ku dai ku riƙe wannan.

Ranar Alhamis ina makaranta lokacin tara, saƙon Inuwa ya shigo. Hoto ne na wani lanƙwasasshen ƙarfe kamar ƙugiya, bai fi tafin hannu ba. Na ce to, yau kuma darasin ƙugiya za a yi. Amma rubutun gajere ne, abin da bai saba ba.

"Wannan shi ke danne dogo a jikin kankare. An kwance mana sama da ɗari uku daidai gonarku. In rana ta yi zafi ƙarfe miƙewa yake, in ba abin da ya riƙe shi sai ya karkace kamar maciji. Jirgin da ke kawo mana tsakuwa yana bi ta nan da ma'aikata a kai. Allah ne Ya sa aka gani da wuri. Ki sa ni a addu'a."

Na rubuta masa Allah Ya tona asirin ɓarayi. Da hannuna na rubuta, har da alamar hannu biyu na addu'a.

Asabar da safe Inna ta tafi barka maƙwabta, ni kuma na shiga ɗakin ajiya neman wata ƙaramar kula da zan zuba wa Baba kunu. Ɗakin da duhu, na yi tuntuɓe da wani buhun taki da ban san da shi ba, babban yatsana ya fashe. Na durƙusa ina salati, na ja bakin buhun don in ga abin da ya ji min ciwo. Ƙugiyoyin hoton nan ne. Buhu uku, an rufe su da zanen gadona mai fulawa.

Na fito da guda ɗaya a hannu. Yaya Kassimu yana gindin dalbejiyar tsakar gida yana cin ɗumame.

"Yaya, wannan daga ina?"

Ya kalli hannuna, ya ci gaba da cin tuwonsa. "Daga gonar ubana."

"Na kamfani ne."

"Gonar ta kamfani ce? Sun raba mana ita biyu, tsoho yana jan ƙafa rabin awa don ya ba saniya ruwa. Wa ya tambaye mu?"

"Ta teku fa aka kawo su, Yaya. Kai a kilo za ka sayar, a narka a yi rodi."

"Ni ina ruwana da teku? Buhu ukun nan gadonki ne, har da katifa."

"In jirgin tsakuwa ya kife fa?"

"Jirgin da har yau ba mu ga fasinja ko ɗaya a ciki ba."

"Leburorin da ke kai ba mutane ba ne? Ba 'yan garin nan a cikinsu?"

Ya ajiye kwanon. Sannan ya ce a hankali, "Shekara biyu ina kallon Inna tana sayar da awakinta ɗaya ɗaya saboda ke. Ni ne namiji a ɗakin nan, Luba. Me na taɓa kawowa?"

Haushinsa nake ji kamar in kwaɗa masa ƙarfen, kuma tausayinsa ya cika min ciki. Ana haka Inna ta yi sallama ta shigo. Tana ganin abin da ke hannuna ta saki labulen zaure ta tsaya. Ba ta tambayi ko mene ne ba, a nan na gane ta riga ta sani.

"Jiya na gani," in ji ta. "Na ce ya fitar min da su kafin babanku ya ji." Ta matso ta kama hannuna. Inna ba ta faɗar sunan Yaya saboda ɗan fari ne. "Luba, ki rufa min asiri. Yayanki shi kaɗai ne namijin da Allah Ya bar min. In yaron nan ya zo, ki yi shiru kawai. Ai ba tambayarki zai yi ba."

Wato jiya ban iya magana ba, yau kuma shiru ake so in iya.

Bayan la'asar Inuwa ya zo. Ban yi wata kwalliya ba, hijabi ruwan toka na zura a kan kayan da na wuni da su, na ɗaure yatsana da tsumma, na ɗan shafa humra don kada in je masa da warin hayaƙi. Na shimfiɗa mana tabarma a inuwar ƙofar gida. Yana sanye da farar shadda da hula zanna, idonsa ya faɗa kamar wanda ya yi jinya. Muka gaisa. Na jira darasi, bai zo ba. Ya zauna yana juya makullin babur a hannu.

"An kama Malam Lawan," in ji shi.

Malam Lawan tsoho ne ɗan garinmu, shi ke gadin wannan yanki na layin. Jikokinsa biyu a ajina suke.

"Tun Alhamis yana tsare. Na san ba shi ba ne, mutumin da ko guduma ba ya iya ɗagawa. Amma an ce shi ne mai gadi. Ni kuma an ba ni zuwa Litinin in kawo rahoto, in ba haka ba ni ma in ajiye hula." Sannan ya ƙara da cewa, "Ba wannan ne ya fi damuna ba. Akwai abin da ban faɗa miki ba. Wata bakwai ina rubuta takarda a yi babban kwalbati a ƙarƙashin layin, daidai gonar Baba, wanda shanu da amalanke za su wuce kai tsaye zuwa rijiya. Sau huɗu ana dawo min da ita. Makon jiya aka sa hannu. Na so sai an fara haƙa in zo in ɗauki Baba ya gani da idonsa. Yanzu shugabanmu ya ce garin da ke kwance masa ƙarfe ba zai yi wa kwalbati ba."

Na ɗago na kalle shi.

"Wata bakwai, Inuwa. Wata bakwai kana cika min waya da labarin tama da gawayi, Inna tana cin naman jikina kullum, Baba yana ɗage mana rana, wannan ɗin ne ba ka iya faɗa ba?"

"Ban so in yi alkawarin abin da ban tabbatar ba."

Ku ji fa. Da ya buɗe baki tun farko, da Baba ya huce, da Yaya bai riƙe wannan ƙullin a ransa ba, da wataƙila ba mu zo nan ba. Mutumin da zai yi minti tara yana bayanin tsatsa, abu ɗaya da ya kamata ya faɗa shi ya haɗiye.

Na sunkuyar da kai ina jan zaren tabarma. Fuskar Inna nake gani, ina kuma ganin jikokin Malam Lawan a layin gaba na ajina ranar Litinin.

"In wanda ya ɗauka ya dawo da su da kansa fa?" na ce, muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

Ya daina juya makullin. "Za a mayar da su, layi ya gyaru. Kwalbatin ma zan iya komawa in roƙa. Amma rahoto sai da suna, Lubabatu. Ba za a saki Malam Lawan ba sai an san wanda za a sa a madadinsa."

Ya zuba min ido. Na buɗe baki, ban ma san abin da zai fito ba, sai muka ji ƙarar baro daga cikin zaure, irin kukan tayar da ta sha kaya.

Baba ne. Ashe da safe yana bayan danga yana zuba wa shanu harawa, duk abin da muka faɗa a kunnensa. Ya turo baron da ƙyar, yana tafiya yana cije leɓe saboda bayansa, buhu uku a kai. Inuwa ya miƙe da sauri zai karɓa, Baba ya ɗaga masa hannu. Sai da ya kawo shi har bakin tabarma ya sauke, ya tsaya yana mayar da numfashi. Ta cikin zaure na hango Yaya Kassimu yana ƙoƙarin fitowa, Inna ta riƙe masa riga da hannu biyu.

"Malam Inuwa, ga kayanku," in ji Baba. "Ka duba, in akwai wanda babu ka faɗa min."

Inuwa ya buɗe bakin buhu ɗaya, ya mayar ya rufe. "Baba, wa ya..."

"Gonata ce, ni na kwance. In suna kake so, Dabo Muhammadu Sani. Ka rubuta da kyau, a saki bawan Allahn nan ya koma wa iyalinsa."

Baba da ko buhun gero ba ya iya ɗagawa. Inuwa ya san ba gaskiya ba ne, Baba ma ya san ya sani. Inuwa ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa inda bironsa yake, bai ciro ba. Ya juyo gare ni.

"Lubabatu, haka ne?"

Baba bai ɗaga murya ba, bai ko harare ni ba. Ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Faɗa masa mana, Luba. Ai ke zai yarda da maganarki."